Raha ga Yaro Marar Lafiya: Wa Zai Ɗauki Nauyinta a Ƙasar Lakwaya?

Idan damina ta yi nisa, watau daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, sa'ad da dawa ta rufe hanyoyin gona, hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, sauro kuma ya sami kududdufi a bayan kowane gida, a lokacin ne iyayen yara na Lakwaya da Kutama da Getso da sauran garuruwan ƙasar Gwarzo suka fi sanin hanyar asibiti. Zazzaɓi yakan fara da dare, a wayi gari an jiƙa sassaƙe ko an sayo ƙwaya a kemis. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a goya yaro a hau babur zuwa ƙaramin asibitin mazaɓa, daga nan kuwa, in jini ya yi ƙasa ko jijjiga ta kama shi, a miƙa shi babban asibitin Gwarzo. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin Gwarzo, sai a bi da shi titin nan mai kimanin kilomita 70 da ya ratsa ƙasar Kabo da Rimin Gado ya shiga birni ta Kabuga, har a dangana da asibitin yara na Hasiya Bayero, ko na Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko kuwa asibitin ƙashi na Dala. Kowane magidanci ya san lissafin wannan tafiya, daga kuɗin mota da na kati da na gwaji har zuwa ledar jini da akuyar da za a kai kasuwa domin a cike giɓi. Abin da ba a cika sanyawa cikin lissafi ba shi ne halin da zuciyar yaron kansa take ciki.

Yaro ɗan shekara biyar wanda bai taɓa kwana a wajen ɗakin uwarsa ba, aka kwantar da shi a gadon ƙarfe tsakanin baƙin fuskoki, aka danne shi aka nemi jijiya a bayan hannunsa sau biyu ko sau uku kafin a samu, ya dubi fuskar uwarsa yana neman natsuwa ya tarar ita ma damuwa ta cika ta, lalle wannan yaro yana fama da ciwo biyu ne, alhali kuwa ɗaya kaɗai aka rubuta a katinsa. Tsoro yakan hana shi cin abinci, ya sa ya tofar da magani, ya fizge allurar ƙarin ruwa da aka sha wahalar sanyawa. Ma'aikaciyar jinya ba rashin tausayi ne ya hana ta zama ta rarrashe shi ba. Gadaje ne da yawa a hannunta, dare kuwa dogo ne. Wannan kuwa halin wanda zai kwana uku ne ya koma gida. Akwai waɗanda asibiti ya zama musu gida na biyu, musamman masu amosanin jini, watau sikila, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita kowace shekara a Nijeriya. Akwai kuma waɗanda ba su asibiti ba su makaranta: yaron da sanƙarau ya bar shi kurma, da wanda shawara ta taɓa masa ƙwaƙwalwa tun yana cikin zanen goyo har ya kasa zama ya kasa tsayuwa, da mai farfaɗiya da 'yan'uwansa suke gudun cin abinci a kwano ɗaya da shi bisa kuskuren cewa ana ɗaukar cutar. Irin waɗannan a ƙuryar ɗaki suke wuni, ana ci da su, ana yi musu wanka, ana yi musu addu'a, amma da wuya a sami wanda zai zauna musamman domin ya yi wasa da su.

A waɗansu ƙasashe an mayar da wannan giɓi sana'a mai ƙa'ida da horo da albashi. A shekarar 1986 wani ɗan wasa mai suna Michael Christensen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa rukunin wasanni na Big Apple Circus a birnin New York na Amurka, ya fara shiga ɗakunan jinyar yara da farar riga irin ta likita da ɗan jan hanci na roba, yana kwaikwayon aikin likitoci ta hanyar da za ta mayar da abin tsoro abin dariya. Daga nan al'amarin ya bazu. Caroline Simonds ta kafa Le Rire Médecin a Faransa a 1991. A 1993 wasu 'yan'uwa biyu a Suwizalan, André da Jan Poulie, suka kafa gidauniyar Theodora da sunan mahaifiyarsu, domin André ya yi doguwar jinya yana yaro bayan injin yanke ciyawa ya ji masa mummunan rauni a ƙafa, abin da ya riƙe shi kuwa a watannin nan shi ne ziyarar uwarsa da rahar da take zuwa da ita kullum. A wannan shekarar dai, 'yan makaranta a Basalona ta ƙasar Sifen suka tara kuɗi suka aika wani mai barkwanci, Tortell Poltrona, zuwa sansanin 'yan gudun hijira a Kuroshiya lokacin yaƙin Yugoslabiya, daga wannan tafiya kuwa aka sami ƙungiyar da ke kai wasa sansanonin yaƙi da na bala'i har yau.

Masana ba su bar abin ga zato ba. A asibitin yara na Meyer da ke Fulorans a Italiya, an gwada yara 40 'yan shekara 5 zuwa 12 waɗanda za a yi wa tiyata: rabinsu suka shiga ɗakin tiyata da ɗaya daga cikin iyayensu kaɗai, rabi kuwa da ɗaya daga cikin iyayensu da masu barkwanci, sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna cewa rukuni na biyu sun fi natsuwa ƙwarai a lokacin da ake sa musu maganin barci. A watan Disamba na 2020 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da ya tattara bincike 24 a kan yara da matasa 1,612, ya kuma tarar da cewa tsoro da damuwa suna raguwa a wurin waɗanda aka yi wa irin wannan wasa, ko da yake ba duka binciken ne suka kai matsayi ɗaya na inganci ba. Adalci ya wajabta a faɗi wani abu kuma: a can Fulorans ɗin, mafi yawan ma'aikatan ɗakin tiyata, duk da sun yarda yara sun amfana, ba su goyi bayan a ci gaba da shirin ba, saboda suna ganin yana shiga musu aiki. Babu wanda ya ce dariya tana kashe ƙwayar maleriya ko tana ƙara jini. Iyakar abin da ya tabbata shi ne tana sauƙaƙa wa yaro ɗaukar jinya, wannan kuwa a ganina ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Mas'alar da ta fi damuna ita ce ta kuɗi. Kusan duk waɗannan ƙungiyoyi da sadakar jama'a suke rayuwa, ba sa karɓar ko kwabo daga iyayen yara, gwamnatoci kuma ba safai suke sanya su cikin kasafin lafiya ba; saboda haka ranar da hannun mai bayarwa ya gaji, ranar wasa yake tsayawa. Big Apple Circus ɗin da ya fara wannan aiki ya karye a 2016, sai da waɗansu daga cikin tsofaffin 'yan wasansa suka kafa sabuwar ƙungiya mai suna Healthy Humor kafin ziyarar asibitoci ta ɗore. In haka ta faru a New York, ina ga Lakwaya? Mu ma mun ga abin da ya auku a farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin da take bayarwa ta hannun hukumar USAID, yadda ayyukan lafiya da na ciyar da yara suka girgiza a Arewa. Tallafin waje tamkar ƙoramar ƙasarmu yake: da damina sai ka rantse ba za ta ƙafe ba, rani na yi sai yashi.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan labarin Turawa ne. To, ba haka ba ne, domin a nan ƙasar Kano an taɓa biyan masu barkwanci da kuɗin agaji saboda lafiyar yara, muka kuma ga amfaninsa da idanunmu. Bayan tirjiyar da aka yi wa rigakafin shan inna a 2003, wadda ta sa aka dakatar da shi a Kano har zuwa Yulin 2004, ma'aikata sun daɗe suna ƙwanƙwasa ƙofofi ana ɓoye musu yara. Cikin dabarun da aka fito da su wajen 2013 da 2014 a jihohin Arewa, har da Kano da Kaduna, akwai ɗaukar makaɗan kalangu, da mata masu coge, da masu shigar ban dariya da ake kira Papalolo, su tsaya a bakin layi su yi ta wasa har yara su fito da kansu, a ɗiga musu magani a gaban jama'a, a ba su alewa ko madara ko sabulu. A daidai wannan zamani ne gwamnatin Kano ta ƙulla yarjejeniyar rigakafi da gidauniyar Bill da Melinda Gates da ta Ɗangote. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta kama a Kano an same shi ne a Sumaila a Yulin 2014, a ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Ba na cewa mai barkwanci ne ya ci wannan yaƙi. Sarakuna da malamai da matan da suka bi gida gida da guragun da suka fito suka nuna ƙafafunsu su ne gaba. Amma ya taka rawarsa. Sai dai an ɗauke shi ne domin kwanakin zagaye kaɗai, domin ya jawo yaro mai lafiya zuwa ga magani, ba a kuwa yi tunanin a shigar da shi ɗakin da yaron da ya riga ya kwanta yake ba.

Gwanintar kuwa muna da ita tun kaka da kakanni. Fadar sarki ba ta rasa wawan sarki, mai lasisin faɗin abin da fadawa ba sa iya faɗa. 'Yan kama, waɗanda wani Bature mai suna Gidley ya yi rubutu a kan sana'arsu tun 1967, suna iya juya karatun malami ko waƙar makaɗin fada su mayar da ita zancen tuwo da miya har mai fushi ya dara. Ga 'yan gambara, ga tashen azumi da yara suke fitowa bayan goma ga wata da gemun auduga da tulun ciki na tsumma, ga Nalako da gwagwarensa a birnin Kano, ga wasan jika da kaka da na taubasai, ga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a bakin tsohuwa bayan sallar lisha. A zamanin rediyo da talabijin da faifai mun ga Samanja da Ƙasimu Yero, mun ga Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda har ya rasu a Disambar 2014 babu ƙauyen da yara ba su san tafiyarsa da muryarsa ba.

Amma a nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya mai ɗaci. Kaso mai yawa na barkwancinmu a kan naƙasassu aka gina shi: ɗingishin gurgu, laluben makaho, in'inar mai in'ina, rashin jin kurma, da wautar wanda hankalinsa bai cika ba. Yaron da yake jan gindi a tsakar gida ya sha ganin 'yan'uwansa suna ƙyaƙyata dariya a gaban waya saboda wani mai ƙafa biyu lafiyayyu yana kwaikwayon irin tafiyarsa. Wanda ya ɗauko ɗan wasa daga dandali ya kai shi ɗakin jinya ba tare da ya sake masa tarbiyya ba, ya kai cuta ne da sunan magani. Ƙa'idar masu wannan sana'a a ko'ina ita ce mai wasa shi ne abin dariya, yaro kuwa shi ne sarki: shi zai ba da izinin a matso kusa da gadonsa, in ya kau da kai a wuce shi, in ya ba da umarni a bi, domin a cikin asibiti duka wannan ne kaɗai mutumin da yaro yake da ikon ce masa a'a. Fentin fuska da jan hanci ma ba dole ba ne a wurinmu, hasali ma yaron ƙauye zai iya ɗaukarsu dodo. 'Yartsana da ƙaramar ganga da hular da ta fi kai girma sun wadatar.

Ta fuskar shari'a, al'amarin bai kai tsananin da waɗansu suke zato ba. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi wa ƙanen Anas ɗan Malik, wani ƙaramin yaro da ake yi wa alkunya da Abu Umair, raha game da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, ruwayoyi kuma suka nuna ya yi haka ne har bayan tsuntsun ya mutu yaron yana baƙin ciki. Ibnu Hajar ya ambata cewa malami Ibnul Ƙassi ya fitar da fa'idoji sittin daga wannan hadisi guda. Cikin sahabbai akwai Nu'aimanu, wanda ya halarci Badar, ya kuma shahara da sa Manzon Allah dariya. Gaida marar lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa, sakin fuska kuma an lissafa shi cikin sadaka. Iyakokin da malamai suka gindaya sanannu ne: kada a yi ƙarya domin a ba mutane dariya, kada a yi izgili da wani kamar yadda Suratul Hujurati ta hana, kada a tsoratar, kada a yi batsa, kada a keta haddin cuɗanyar maza da mata. Duk wanda ya duba zai ga waɗannan sharuɗɗa su ne ainihin abin da ɗakin jinyar yara yake bukata.

Saura hujja mafi nauyi, wadda na sha ji daga bakin mutane masu hankali, ba kuwa zan raina ta ba: a ƙasar da uwa take kallon ɗanta yana numfashi sama sama saboda ta rasa kuɗin ledar jini, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya daga aljihun marar lafiya yake fitowa, ashe ba almubazzaranci ba ne a kashe ko naira ɗaya a kan wasa? Malaman usulu sun jera maslahohi hawa uku, na larura da na bukata da na kyautatawa, ba kuwa a gabatar da na ƙasa a kan na sama. Na sallama: in kuɗi ɗaya ne, kuma zaɓi tsakanin jini da dariya ne, a sayi jini. Sai dai akwai inda wasa yake hawa daga matakin kyautatawa zuwa na bukata. Matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara domin jinyar yaro mai tamowa mai tsanani, ɗaya daga cikinsu shi ne motsa hankalinsa da nuna masa ƙauna, har aka ƙayyade wasa na minti 15 zuwa 30 kowace rana da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da yunwa ta tsumburar, aka riƙa aika ma'aikatan lafiya na unguwa gidajen waɗansunsu sa'a ɗaya kowane mako har shekara biyu, suna koya wa uwa wasa da ɗanta. Da aka bibiye su bayan shekara ashirin, rahoton da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kashi 25 cikin ɗari. A asibitin cutar noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma take tallafa masa tun 2014, wasa da nasiha suna tafiya tare da tiyata, domin yaron da cuta ta cinye masa kunci ya daɗe yana rufe fuska, sai an koya masa sake shiga cikin yara.

To, daga ina kuɗin zai fito in ba daga Turai ba? Magabatanmu sun riga sun amsa. Asibitin da Sarkin Masar Mansur Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da waƙafi aka riƙe shi, marubuta tarihi kuma sun ruwaito cewa ana kawo masu ba da hikaya da masu daɗin murya domin ɗebe kewa ga waɗanda ciwo ya hana barci. A asibitin Sarkin Musulmin Usmaniyya Bayazid na Biyu da ke Edirne, wanda aka gama a 1488, matafiyi Evliya Çelebi ya tarar a ƙarni na 17 da makaɗa goma da aka ɗauka su zo sau uku a mako. Malamin Sham Mustafa Siba'i ya kawo labarin wani waƙafi a Tarabulus wanda amfaninsa yake biyan mutum biyu su riƙa zagaya marasa lafiya suna maganar alamun sauƙi inda za su ji, domin zuciyarsu ta ƙarfafa. Zakka dai an riga an iyakance masu cin ta gida takwas a cikin Suratut Tauba, a mazhabarmu ta Malikiyya kuma ba a karkatar da ita zuwa irin waɗannan ayyuka. Ita ce za ta sayi magani da jini ga fakiri. Amma hubusi, watau waƙafi, ƙofarsa a buɗe take ga kowane aikin alheri da mai bayarwa ya shardanta, babinsa yana nan cikin Risala da Muhtasar da ake karantawa a zaurukan Gwarzo da Kabo, jihar Kano kuma tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Mun saba tsayar da waƙafi ga masallaci da rijiya da maƙabarta da Islamiyya, Allah ya saka wa masu yi. Abin da ba mu saba ba shi ne gona ɗaya ko shago ɗaya a kasuwa wanda za a rubuta cewa amfaninsa na yaran da ke kwance ne.

Abin da Lakwaya take bukata bai kai girman abin da ake yi a Turai ba. Mutum huɗu ko shida, rabinsu mata domin su ne za su iya shiga gidajen kulle, a zaɓo su daga masu tatsuniya da gwanayen tashe da 'yan wasan kwaikwayo na makarantun sakandare da matan da suka yi aikin wayar da kai na shan inna, a sanya naƙasassu a cikinsu, tun da Kano ce ta fitar da Aminu Ahmad Tudun Wada mai ƙera kekunan guragu, ƙwallon guragu kuma Misbahu Lawan Didi ne ya ƙirƙiro ta a 1988, yaron da ya ga irinsa yana wasa yana ba da umarni kuwa ya sami abin da lacca ba za ta ba shi ba. A ba su horo a hannun ma'aikatan jinya kan wanke hannu, da nisantar ɗakin masu mashaƙo da ƙyanda, da rufe sirrin marar lafiya, da haramcin ɗaukar hoton yaro a watsa a Facebook ko TikTok domin neman tallafi. Su riƙa shiga ɗakin yara na asibitin Gwarzo a ranakun da shugaban ɗakin ya yarda, su tsaya a ƙaramin asibiti ranar awo da rigakafi, sauran kwanaki kuma su bi gidajen da dagaci da masu unguwanni suka san akwai yaron da ba ya fita. A biya su alawus tsayayye kowane wata daga amfanin hubusin, ba kyautar ganin dama ba, domin wanda ake biya shi ne ake iya yi wa sharaɗi, a kuma sallame shi in ya saɓa. Kula da dukiyar kuwa a danƙa ta ga kwamiti ƙarami da ya haɗa liman da wakilin dagaci da jami'in asibiti da uwa ɗaya daga cikin iyayen yaran, a rubuta takardar waƙafin a gaban alƙali da shaidu, a kuma karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a sau ɗaya a shekara bayan an gama girbi.